Ramuka 18 a Kan Jigawa

Tun da aka fara kafa shingen waya a gefen hanyar da ta bi ta bayan garinmu, a kudancin Jihar Jigawa, jama'a suke ta hasashen abin da attajirin da ya sayi gonakin wajen yake nufin yi da su. Wasu sun ce gidan gona ne na shanun madara, wasu sun ce injin casar shinkafa za a kafa, har ranar da aka ga ana dasa ciyawa da hannu, layi-layi kamar dashen albasa, ana kuma yi mata ban-ruwa safe da yamma. A nan ne dattawan majalisar ƙofar masallaci suka yanke hukunci cewa dukiya ta yi wa mutumin yawa, domin ciyawar da yake shayarwa ƙiri-ƙiri ce, wadda kowane manomi ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙi da ita da fartanya. Filin golf ne, wasan da gidajen rediyo suke kira ƙwallon lambu. Wasan ba baƙo ba ne a jihar, tunda marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a 2023, ya gina fili a Dutse, amma a ƙauye irin namu wannan ne karo na farko. Da yake ni ne ɗan garin da aka sani da wasan tun ina aikin gwamnati a Kano, sai aka aiko mini da goron gayyata in zo in gwada filin kafin a buɗe wa baƙi. Na buga shi sau uku a cikin mako guda na tsakiyar hunturu, sau biyu da sassafe, sau ɗaya bayan azahar, kuma abin da zan faɗa ra'ayi ne na mai matsakaicin hannu wanda ƙarfinsa ya fara ja da baya, irin wanda ake yi wa rangwamen bugu ɗaya a kowane rami.

Ga wanda bai taɓa riƙe sandar wasan ba, taƙaitaccen bayani ya wadatar. Cikakken fili yana da ramuka 18, kowanne da mafari inda ake bugun farko, da fage mai gajeriyar ciyawa wanda ake so ƙwallo ta sauka a kai, da kuma shimfiɗar da aka aske ciyawarta ƙwal, wadda 'yan wasa suke kira girin, inda ramin kansa yake, faɗin bakinsa milimita 108 kacal. Kowane rami yana da ƙa'idar bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta faɗa, 3 ko 4 ko 5 gwargwadon nisa, jimillar fili kuwa yawanci tsakanin 70 da 72 take, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Doka ba ta yarda mutum ya ɗauki sanda fiye da 14 a jakarsa ba. Sauran al'amura kuwa, wato inda za a haƙa gurbin yashi, da inda fage zai karkata, da bishiyar da za a sare da wadda za a bari, duk suna hannun mai zana fili, shi ya sa ba a samun filaye biyu masu kama ɗaya a duniya.

Babbar sa'ar da mai filin ya taka ita ce ƙasar wurin. Sunan jiharmu kansa daga ƙasa ya samo asali, domin jigawa a bakin manomi ita ce tudu mai rairayi wanda ruwa ba ya kwanciya a kai, inda gero da gyaɗa suke yi, shinkafa kuwa ba ta ko leƙawa. A yankinmu tsofaffin tuddan yashi ne suka miƙe dogo-dogo daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, da 'yan fadamu a tsakaninsu, ga kuma duwatsu da suka ɓullo nan da can kamar an ajiye su da hannu. A kan irin wannan ƙasa aka haifi wasan golf a gaɓar tekun Sikotland, a wani zirin rairayi tsakanin teku da gonaki wanda bai dace da noma ba sai kiwon tumaki, har ana cewa guraben yashi na farko makwancin tumaki ne da suka tona suna fakewa daga iska. A can ne, a tsohon filin Sent Andurus, aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a shekarar 1764, lissafin da duniya ta bi daga baya. Rairayi yana shanye ruwa nan take, yana ba da ƙasa mai tauri wadda ƙwallo take tsalle a kai ta ci gaba da gangarawa, kuma masu gina filaye a wuraren laka suna kashe maƙudan kuɗi wajen jigilar yashi da tifa domin su sami abin da Allah ya shimfiɗa mana kyauta. Ramuka 9 na farko sun nuna cewa mai zanen ya gane haka. Bai sa katafila ta baje tuddan ba, ya bar fage yana hawa yana sauka yadda ya tarar da shi, ta yadda da wuya ka tsaya a kan ƙwallo ƙafafunka biyu suna daidai, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum tunani kafin kowane bugu.

Duk wanda zai zana fili a ƙasar Hausa sai ya yi lissafi da iska biyu masu adawa da juna, ta hunturu da take busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har Fabrairu, da ta damina da take zuwa daga kudu maso yamma. Da yake tuddan sun kwanta ne a kan wannan layi, hanya mafi sauƙi ita ce a jera ramuka cikin kwarin da ke tsakaninsu, a tafi a dawo, iska ko dai tana bugun fuska ko tana tura ƙeya, abin da yake gundurar mai wasa tun bai kai rabi ba. Mai zanen ya guje wa wannan a zagayen farko, wato ramuka 9 na farko, inda ban ga ramuka uku a jere da suka fuskanci nahiya ɗaya ba. Ramin farko yamma ya nufa, saboda haka wanda ya tashi bayan sallar asuba rana tana bayansa, kuma zagayen yana dawowa gidan kulob a rami na 9, inda aka gina ɗan masallaci da wurin alwala, don haka wanda ya fara bayan azahar yana samun la'asar a kan lokaci ba tare da ya yanke wasa a tsakiyar daji ba. Sai dai rami na 18 shi ma yamma yake kallo, kuma ana isa gare shi ne daidai lokacin da rana ta sauko kan rufin gidan kulob. Hazo ya rufa masa asiri a makon da na buga, domin rana ta koma jan faifai wanda ido yake iya kallo, amma idan sama ta washe babu wanda zai ga inda ƙwallonsa ta nufa.

Ramin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 4, mai ƙa'idar bugu 4, wanda nisansa bai wuce yadi 360 ba. A tsakiyar fage, daidai inda ƙwallon mutum irina take sauka, wani ƙaton gawo ne tsaye ya raba hanya biyu. Ta hagu akwai yalwa, ko makaho ya buga zai samu wuri, amma daga can girin yana bayan gurbin yashi mai zurfi, sai an ɗaga ƙwallo sama an sauke ta a ɗan matsattsen wuri. Ta dama kuwa siririyar hanya ce tsakanin gawon da wani kwazazzabo da ruwan damina ya ci, amma wanda ya yi ƙundunbala ya bi ta nan zai tarar da bakin girin a buɗe, yana iya mirgina ƙwallo a ƙasa har gindin tuta. Masu zana filaye sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan wannan batu. Akwai masu ganin aikin fili shi ne ya hukunta duk bugun da ya kauce, su matse fage su jera tarkuna dama da hagu, akwai kuma masu ganin aikinsa shi ne ya ba mutum zaɓi, ya saka wa mai kasada idan ya dace, ya bar wa mai tsoro doguwar hanya marar haɗari. Alister MacKenzie, likitan nan ɗan Birtaniya wanda shi da shahararren ɗan wasan golf Bobby Jones suka zana filin Ogasta na Jihar Jojiya a Amurka da aka buɗe a 1933, yana cikin manyan gida na biyu, kuma ra'ayinsa shi ne fili mai kyau ya faranta wa mafi yawan 'yan wasa rai, gwani da ɗan koyo, kada kuma a ɓata wa mutane lokaci da neman ƙwallon da ta ɓata. Rami na 4 ɗan wannan gida ne na halak.

Abin da ya ƙara masa armashi shi ne halin gawo, wanda duk ɗan ƙauye ya sani, cewa yana kakkaɓe ganyensa da damina lokacin da kowace bishiya take tsiro, ya kuma yi lif da ganye da rani lokacin da sauran suka bushe. A hunturu bango ne wanda ƙwallo ba ta ratsa shi, ga iska tana turo ta zuwa hagu, amma da damina zai zama ƙwarangwal na rassa da ƙaya wanda mai sa'a zai iya zura ƙwallo ta cikinsa, iskar ma ta juya tana tura mutum zuwa kwazazzabo. Rami ɗaya ne mai fuska biyu a shekara, ba a kashe ko kwabo wajen sauya shi ba. Ciyawar ƙarƙashinsa ma ta ci riba, tana samun rana lokacin da take girma, ta sami inuwa lokacin da zafi yake ƙona ta. Na tarar da wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, yana jan tiyo a wajen, shi ne mai gonar a da, yanzu yana cikin masu ban-ruwa. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, wa ya ceci gawon nan daga gatari?” Ya ce, “Ni na tsaya, Alhaji. Na ce da su bishiyar da ta ciyar da gerona shekara da shekaru ba za a kayar da ita ina raye ina kallo ba. Da mai zanen ya zo ya zagaya ta sau biyu, sai ya sa aka cire turakun da aka kafa, aka mayar da ramin ya bi ta kanta.”

Rami na 7 gajere ne, ƙa'idarsa 3, ana buga shi daga kan falalen dutse zuwa girin da ya zauna tsakanin manyan duwatsu biyu, kimanin yadi 150 a ƙasa. Ƙwallon da ta bugi dutse Allah kaɗai ya san inda za ta faɗa, amma an bar gaban girin a buɗe, fako ne mai tauri, don haka na ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7 na buga ƙasa-ƙasa ƙarƙashin iska, ta sauka yadi 20 kafin wurin ta yi tsalle biyu ta hau da kanta. Wannan bugu ne da ƙasarmu take koyarwa, kuma zagayen farko yana karɓarsa kusan a kowane rami.

A Kano na koyi wasa a zamanin da filayen Arewa da dama ba su da girin na ciyawa, sai da'irar yashi da aka cakuɗa da baƙin mai, wadda ake kira burawun, inda kadi, wato mai ɗaukar jakar ɗan wasa, yake share maka hanya tsakanin ƙwallo da rami kafin ka gangara. A kan burawun ƙwallo tana mutuwa inda ta faɗa, kuma gudunta ɗaya ne yau da gobe. Girin na ciyawa wata duniya ce daban. Shugaban masu kula da ciyawa ya nuna mini yadda aka gina na wannan fili bisa tsarin da hukumar golf ta Amurka ta fara fitarwa a 1960, wato bututun magudana a can ƙasa, tsakuwa mai kaurin santimita 10 a kansu, sannan yashi da aka gauraya da ɗan taki mai kaurin santimita 30, ciyawar kuma ana aske ta zuwa kusan milimita 4. Irin ƙiri-ƙiri ce da aka inganta mai siririn ganye, amma ba ta bar halin danginta na kwanciya gefe ɗaya ba. Idan ka tsaya bayan ƙwallo ka ga ciyawar tana ƙyalli, to ta kwanta ne zuwa inda za ka buga, ƙwallo za ta yi gudu, idan kuwa ka ga ta yi duhu, to tana tunkararka ne, sai ka ƙara hannu. Yaron da ya ɗauki jakata, wanda bara warhaka yake kiwon awaki a wannan wuri, ya fi ni saurin gane wannan, sau da yawa yakan ce, “Baba, ƙara mata, tana hawa ne ko da ido bai nuna ba,” kuma duk lokacin da na yi masa gardama ni ne nake jin kunya.

Daga rami na 10 fili ya sauya hali, har mutum ya yi zaton wani hannu ne ya zana ragowar. An baje ƙasa, an tara tsibin wucin gadi a gefen fage masu kama da kunyar dankali, an kuma ɗaga kowane girin sama kamar an kife ƙwarya. Girin da aka ɗaga ba laifi ba ne a kansa, amma a nan an haɗa shi da kuskuren ban-ruwa wanda ya toshe duk wata hanya. Famfunan feshi suna jiƙa gaban girin har ya yi laushi, ga shi ruwan da ya gangaro daga sama a nan yake taruwa, saman kuwa iskar hunturu ta busar da shi ya yi tauri kamar daɓe. Idan ka buga ƙasa-ƙasa, ƙwallo ta dafe a cikin laushin ta tsaya, idan ka ɗaga ta sama ta sauka a kan daɓen ta zarce ta baya, ta gangara cikin gurbin yashi. Gwanin da yake iya sa ƙwallo ta yi juyin baya da ƙarfi zai tsayar da ita, amma mu da muka fi yawa, masu furfura da 'yan koyo, babu bugun da muka mallaka wanda zai yi aiki. Katin da nake rubuta buguna ya ba da shaida, domin a ranar da na fi dacewa na yi bugu 42 a zagayen farko, na yi 49 a na biyu, alhali hannuna bai sauya ba.

Rami na 14 shi ne abin alfaharin mai filin, hotonsa ne a kan katin gayyata, shi ne kuma wanda na fi ƙi. Kwaikwayo ne na rami na 17 a filin Sawgrass da ke Fulorida a Amurka, wanda Pete Dye ya zana aka buɗe a 1980, inda girin yake zaune a tsakiyar ruwa kamar tsibiri, sai wata 'yar siririyar hanya da ake takawa a isa gare shi. A can dalili ne ya haife shi, domin wurin dausayi ne, an haƙe yashi mai kyau daga wannan kusurwa an kai sauran sassan fili, ramin da aka bari ya zama tafki, kuma an gina filin ne domin gasar ƙwararru da dubban 'yan kallo masu son ganin gwani ya jefa ƙwallo a ruwa. A nan kuwa an haƙa tafki ne a kan tudun rairayi, aka shimfiɗa masa baƙar leda mai kauri domin kada ƙasa ta shanye, ana cika shi da ruwan burtsatse, rana da iska suna sha daga sama. Iskar hunturu tana ratsa ramin daga gefe, babu wurin da mai rauni zai ajiye ƙwallo ya tsira da asarar bugu ɗaya, ko dai ka hau tsibirin ko ka ji ƙarar faɗawa ruwa. Na yi asarar ƙwallo biyu a nan cikin makon, abokin wasana kuwa, wani tsohon shugaban makaranta da ya fara koyo bayan ya yi ritaya, ya zubar da huɗu a tsaye ɗaya, ya ɗauki jakarsa ya zagaya tafkin ba tare da ya kammala ramin ba, bai kuma sake yin magana ba sai a rami na 16. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa, kuma abin takaicin shi ne daga mafarin wannan rami ana hango wani dutse da kuka biyu a gindinsa, yadi kaɗan daga gefen tafkin, inda girin zai zauna daram ba tare da ɗigon ruwa ba.

Maganar tafki ita ta kai ni ga abin da nake ganin zai yanke wa filin hukunci nan da 'yan shekaru. Damina a wajenmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas kuwa duk ganyen da ya yi kore da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi shi. Ƙarƙashin yankin Dutse da Birnin Kudu da Gwaram dutse ne, ruwa a tsagoginsa kawai yake maƙalewa, saɓanin arewa maso gabashin jihar wajen Haɗejiya inda ruwan ƙasa yake da yalwa, shi ya sa a garinmu ake haƙa burtsatse uku kafin ɗaya ta yi albarka. Fili mai ramuka 18 yakan ci hekta 50 ko fiye, kuma a yanzu ana shayar da zagaye na biyu daga shinge zuwa shinge da famfuna masu aiki da hasken rana, domin mai filin yana son ya yi kore shar kamar wanda yake gani a talabijin. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, rijiyoyin da suke yin wannan aiki da rijiyoyin da matan gari suke ɗiba daga tsagogi ɗaya za su sha. Masu arzikin da suka fi mu ruwa ma sun fara ja da baya daga wannan hanya. A filin Pinehurst mai lamba 2 da ke Karolina ta Arewa a Amurka, tsakanin 2010 da 2011, an cire ciyawar gefe da ake shayarwa aka mayar da wurin rairayi da ciyawar daji, aka rage famfuna zuwa layin tsakiya, ruwan da ake kashewa ya ragu da fiye da rabi, kuma a 2014 aka buga babbar gasar Amurka a kansa gefunansa jajur. Da za a shayar da girin da mafari da ɗan ziri a tsakiyar fage kawai, a bar saura ya ɗauki launin rani, da an tsimi ruwa, da kuma wasan kansa ya gyaru, domin busasshen fage yana ƙara wa tsoho yadi 30 na gangara kyauta, ya kuma sa gwani tunanin inda ƙwallonsa za ta tsaya. Ƙiri-ƙiri ba ta mutuwa da fari, barci take yi, duk manomi shaida ne cewa ruwan farko yana tayar da ita.

Ciyawar gefe ma ta bi wannan rabuwa. A zagayen farko an bar masu saƙar zana sun yanke gamba bayan kaka, Fulani sun kwashe kyasuwa, abin da ya rage rairayi ne da tsirarun tushiya, inda mutum yake ganin ƙwallonsa daga nesa, ya same ta a wuri marar daɗi, ya yi dabara ya fito. A zagaye na biyu an bar gamba tsaye ta fi mutum tsawo saboda kyan gani, kuma an bar ta ne a gefen dama, alhali ƙwallon ɗan koyo mai bugu da hannun dama kusan kullum dama take karkata. Tun daga 2019 doka minti 3 kawai ta ba da na neman ƙwallo maimakon 5 na da, idan ba a gan ta ba sai a ƙara bugu ɗaya a koma inda aka fito, don haka kowane kuskure a nan yana cin bugu biyu da ƙwallo guda da kuma lokacin waɗanda suke biye. Ban kuma yarda in tura ɗan mutane cikin duhuwar gamba a ƙasar kububuwa saboda ƙwallo ba, ga ƙarangiya da take cika safa. An yi mafarai huɗu a kowane rami domin kowa ya zaɓi nisan da ya dace da ƙarfinsa, tunani ne mai kyau, sai dai a rami na 11 har daga mafarin gaba, na mata da dattawa, sai ƙwallo ta tsallake kwari na kusan yadi 130 a sama kafin ta taɓa fage, wanda ya nuna cewa an auna wurin da igiya ne ba a tsaya an buga daga can ba.

Tafiya a filin tana da daɗi, musamman a rabin farko inda daga girin zuwa mafarin gaba 'yan taku ne, kuma an ajiye randa da moɗa a gindin tsamiya a wurare uku. An bar kanya da ɗorawa da goriba inda aka same su, kuma na yaba da yadda aka karkatar da rami na 16 domin a bar burtali a buɗe a wajen shinge, ta yadda da yamma kana shirin bugu garke yana wucewa. Layin darbejiya da aka dasa a gefen rami na 12 da na 13 kuwa, nan da shekara goma zai matse fage ya kuma hana ciyawa rana, gara a cire shi tun yana ƙarami.

A ranar ƙarshe mai filin ya zaunar da ni a barandar gidan kulob, aka kawo fura, ya ce in faɗa masa gaskiya. Na ce, “Alhaji, Allah ya ba ka ramuka 9 da ban buga kamarsu a Arewa ba, sauran 9 kuma gyaransu rage kashe kuɗi ne, ka rufe rabin famfuna, ka sa a yanke gamba, ka buɗe bakin girin.” Ya saurara har na kai ga tafkin, a nan ya yi murmushi ya ce baƙinsa daga Abuja saboda wannan ramin za su zo, na kuwa san cewa a wannan batu ban ci nasara ba. Da na fito zan shiga mota sai dattijon nan ya tare ni yana naɗe tiyo, ya nuna girin na 12 da haɓa, can a ƙasan kwari, ya ce a wannan gurbi yake shuka shinkafa duk shekara, kuma a watan Agusta ruwa yana kai masa gwiwa ya yi mako biyu bai janye ba. Ya ce ya faɗa wa masu katafila, suka nuna masa bututun da suka binne. Na koma ciki na roƙi a ajiye mini rana a makon ƙarshe na Agusta, yaron da yake ɗaukar mini jaka kuma ya yi alkawarin zai aro mini takalmin roba wajen yayansa mai noman fadama.